Uban da ya shuka ƙanƙara a bayan gida

Na san wasu daga cikinku, da ganin kan maganar yau, za su ce: to, mu kuma ina ruwanmu da ƙanƙara, mu da ba mu san ta ba sai wadda ake saye ƙulle cikin leda da maraicen azumi, ko wadda kan faɗo tare da ruwan sama ta kakkarya gero? Ku yi mini haƙuri kaɗan. Wasan da zan yi magana a kansa na wata ƙasa ne mai nisa, kuma can zan bar shi, ba ni da niyyar kawo shi filin Maraɗi ko na Tawa. Amma tambayar da ke ƙunshe cikinsa babu magidancin da bai san ta ba: idan Allah ya ba ɗanka wata baiwa, mine ne aikinka a kanta, kuma a ina ya kamata ka ja linzami?

Abin da ya tayar mini da maganar ya faru ne ranar 6 ga watan Afrilu na 2025, kusa da birnin New York na Amurka. Ran nan wani ɗan ƙasar Rasha, Alexander Ovechkin, ya ci raga karo na 895 a gasar NHL, wadda ita ce babbar gasar ƙwallon gora na kan ƙanƙara a duniya, ya wuce adadin 894 da Wayne Gretzky, ɗan Kanada, ya bari sa'ad da ya aje wasa a 1999. Gretzky yana cikin ƴan kallo, ya sauko ya taya shi murna. Mutanen nan biyu, kowanensu in aka tambaye shi mafarin al'amarinsa, gida yake nunawa. Ovechkin yana sanya riga mai lamba 8 saboda ita ce lambar mahaifiyarsa Tatyana, wadda ta ci ma Tarayyar Sobiyet lambar zinariya sau biyu a ƙwallon kwando, a wasannin Olimfik na 1976 da na 1980. Shi kuwa Gretzky, sunan mahaifinsa Walter ya shahara a Kanada har ana yi masa laƙabi da uban ƴan hoki na ƙasar baki ɗaya. Labarin wannan dattijo nake so mu duba, da alherin da ke cikinsa da kuma abin da ba a cika faɗi ba.

Wasan da kansa

Sunansa hoki. Ana yin sa bisa dandali na daskararren ruwa, tsawonsa mita 61, faɗinsa mita 26, kewaye da katanga. Kowace ƙungiya mutum 6 take sakawa, har da mai tsaron raga. Suna sanye da takalma masu ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa, da su suke sulɓi da saurin da mai gudu da ƙafa ba ya cim masu. Abin da suke bugawa wani ɗan faifai ne na baƙar roba mai tauri, faɗinsa bai kai santimita 8 ba, nauyinsa wajen giram 170, ana kora shi da sanda mai lanƙwasasshen baki. Zubi uku ake yi, kowane minti 20. A birnin Montreal aka yi wasan farko mai tsari cikin rufaffen ɗaki, ranar 3 ga Maris 1875, a nan ne kuma aka kafa NHL a 1917. Majalisar Kanada ta yi doka a 1994 ta ce shi ne wasan ƙasa na lokacin ɗari. Wanda ke son ya gane matsayinsa a zukatansu, ya tuna yadda gari ke yin tsit a nan idan an kai karon ƙarshe na kokowar takobi.

Akwai abu guda da ya raba shi da ƙwallon ƙafa, kuma shi ne tushen maganarmu. Ƙwallon ƙafa, tsumma da fili sun ishi yaro ya fara, ko uwayensa sun sani ko ba su sani ba. Hoki kuwa yaro ba ya iya fara shi shi kaɗai. Sai da takalma, da sanda, da hular kwano, da kariyar gwiwa da ta kafaɗa. Yaro yana girma ana sake su. Dandali haya ake biya awa-awa, kuma sau da yawa rabon ƙananan yara da asuba yake faɗowa, ƙarfe 5 ko 6, cikin duhu da dusar ƙanƙara. Dole wani babba ya tashi, ya ta da mota, ya durƙusa ya ɗaure ma yaro igiyar takalmi, ya zauna bisa benci mai sanyi yana jira. Saboda haka duk ɗan wasan da ka gani a tele, ka tabbata akwai wani da ya yi shekaru goma yana tashi kafin zakara dominsa.

Mai gyaran talho na Brantford

An haifi Walter Gretzky a 1938, a wata gona ta ƙauyen Canning cikin jihar Ontariyo. Uwayensa baƙi ne da suka yi ƙaura daga gabashin Turai. Ya yi hoki da ƙuruciya, ya kuma iya, amma ba shi da girman jiki, bai samu shiga sahun ƙwararru ba. Sai ya kama aikin gyaran layin talho a kamfanin Bell, ya yi shekara 34 yana yi. Ma'aikaci ne mai albashi, wanda ke ƙirga kwanakin wata kamar kowa. Shi da matarsa Phyllis sun haifi ɗiya biyar, maza huɗu da mace guda, kuma Wayne, wanda aka haifa ranar 26 ga Janairu 1961 a garin Brantford, shi ne na fari.

Yaron bai cika shekara 3 ba ya fara tsayuwa bisa takalman sulɓi, a kan kogin Nith da ke daskarewa kusa da gonar kakanninsa. Da ya ƙara wayo sai ya zamana kullum yana jan uban zuwa dandalin unguwa, in sun je ya ƙi komawa gida, uban na jira yana rawar ɗari. Walter da bakinsa ya sha faɗin cewa don ya tsirar da kansa daga sanyin ne ya yi dabarar da ta shigar da sunansa tarihi, wato ya mayar da filin bayan gidansa dandali. Yakan aske ciyawa ƙasa-ƙasa, ya jira ƙasa ta daskare, sa'an nan ya kunna abin feshin ruwa na lambu ya bar shi ya kwana yana aiki. Da haka ruwan ke taruwa yana zama ƙanƙara. Daga nan sai ya samu damar zama cikin madafa mai ɗumi, yana kallon yaron ta taga.

Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin za mu koma kansa: yaron ne ke ja, uban na biye. Ba a taɓa jin an fitar da Wayne dandali da bulala ba; abin da aka sani shi ne sai an yi ta kira kafin ya shigo ya ci abinci.

Amma Walter bai tsaya ga ban ruwa ba. Yakan jera gwangwanaye bisa ƙanƙara yaron ya riƙa ratsa su da faifai, ya shimfiɗa sanduna ya ce ya tsallake su yana karɓar abin da aka miƙo masa. Ya lura ɗan nasa zai gado shi wajen ƙarancin jiki, ba zai iya ture ƙattai ba, sai ya koya masa abin da ƙarfi ba ya bayarwa: ya daina bin faifai inda yake, ya riga shi zuwa inda zai faɗa. Wayne ya ba da labarin cewa yana yaro yakan zauna gaban tele da takarda da alƙalami, yana zana hanyar da faifai ke bi cikin wasa, har ya gane wuraren da ya fi yawan komawa. Uba ne ya dubi ɗansa, ya san inda yake da rauni, ya gina masa hanya daidai da shi.

Yana da shekara 6 aka saka shi cikin ƙungiyar ƴan shekara 10, domin babu ta ƙanana a garin. Rigar ta yi masa yawa, sai aka cusa masa gefen dama cikin wando, kuma haka ya ci gaba da yi har ranar da ya aje wasa. A shekararsa ta farko sau ɗaya tak ya ci raga. A kakar 1971-1972, yana tsakanin shekara 10 da 11, ya ci sau 378. Abin da ya biyo baya sananne ne ga masu bin wasan: kofin Stanley sau huɗu tare da ƙungiyar Edmonton, a 1984, 1985, 1987 da 1988, gwarzon gasar sau 9, maki 2.857 cikin wasa 1.487. Yawan miƙawar da ya yi ma abokan wasa suka ci, 1.963, ita kaɗai ta fi dukan makin da wani ɗan wasa ya taɓa tarawa. A shekarar 2000 NHL ta hana kowa sake sanya lambarsa, 99.

Abin da ba a cika faɗi ba

Da labarin a nan ya ƙare, da sai mu ce kowane uba ya je ya sayo tiyo. Amma akwai saura.

Na farko, hassada. Waɗanda suka tsani Wayne manya ne, uwayen wasu yara, har da uwayen abokan wasansa na ƙungiya ɗaya, waɗanda suka riƙa cewa yana riƙe faifai shi kaɗai yana hana ɗiyansu fitowa. A 1975, a wani biki da aka shirya ma ƴan Brantford a babban dandalin birnin Toronto, mutanen garinsu suka yi masa ihu. Cikin shekarar nan, yana ɗan shekara 14, uwayensa suka yarda ya bar gida ya koma Toronto, tafiyar wajen kilomita 100, a hannun wasu mutane. Hausawa na cewa hassada ga mai rabo taki ce. Gaskiya ne, sai dai yaron da ya bar ɗakin uwarsa yana ɗan shekara 14 ya sayi takin da tsada. Yana da shekara 16 wata ƙungiya ta Sault-Sainte-Marie, can arewa mai nisa, ta zaɓe shi. Walter ya ƙi da farko, kuma bai amince ba sai da aka samu gidan wasu mutane da ya sani tun da daɗewa, waɗanda za su riƙe masa yaro. Wannan ƙin da ya yi, a ganina, ya fi dandalin bayan gida nauyi a ma'aunin uba.

Na biyu, uwa. Duniya ta san Walter, amma Phyllis, wadda ta rasu a 2005, ita ce ta riƙe gida mai yara biyar da albashi guda. Ranar jana'izar mahaifinsa, Wayne ya tuna ma jama'a cewa a 1972, lokacin da aka haifi autansu Brent, uban ba ya nan, ya raka shi wata gasa a wani gari. Mutane sun yi dariya, domin cikin raha ya ba da labarin. Amma kowace mace da ta taɓa naƙuda ta san abin da ke ƙarƙashin wannan dariya. Idan gida ya tattara ƙarfinsa kan yaro guda, akwai wanda ke biya, kuma yawanci uwa ce da sauran ƴan'uwa.

Na uku, dandalin nan guda ne, uban guda ne, darasin guda ne, amma Wayne guda ne ya fito. Ƙanensa Keith, ƙungiyar Buffalo ta zaɓe shi a 1985, bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NHL ba. Brent ya buga wasa 13, ya ci raga sau ɗaya. Ba su gaza don an rage masu kulawa ba. Baiwa ce ba a raba ta da mudu ɗaya. Wanda ya ce aikin uba ne ya yi Wayne, sai ya gaya mana dalilin da ya sa aikin bai yi Keith ba.

Na huɗu, akwai rabon da ba ya hannun kowa. A tsakiyar shekarun 1980 wani masani ɗan Kanada, Roger Barnsley, da abokan aikinsa, suka lura cewa cikin manyan ƴan hoki, waɗanda aka haifa a watanni ukun farko na shekara sun fi na watanni ukun ƙarshe yawa nesa ba kusa ba. Dalilin kuwa mai sauƙi ne. Ana rarraba yara bisa shekarar haihuwa, daga 1 ga Janairu. Ɗan Janairu ya girmi ɗan Disamba da kusan shekara guda, kuma ga yaro ɗan shekara 8 wannan rata ce babba. Sai a ga ya fi ƙarfi, a zaɓe shi, a ba shi mai horarwa mafi kyau da wasanni mafi yawa, har ratar da ta fara daga kalanda ta zama ta gaskiya. Babu uban da ke zaɓar ma ɗansa watan haihuwa.

Waɗanda suka ɗauki darasin a karkace

An ce wani ya yi rawa ya samu kuɗi, wani ya yi ya sha kashi. Bayan shaharar Gretzky, uwaye da yawa sun ga dandalin bayan gida, ba su ga wanda ke ja da wanda ke biye ba.

Patrick O'Sullivan, wanda aka haifa a 1985, ya buga wasa 334 a NHL. A 2015 ya fito ya faɗa ma duniya yadda ya girma. Mahaifinsa tsohon ɗan wasa ne da bai kai inda yake so ba, sai ya ɗora burinsa bisa yaron. Idan wasa bai gamshe shi ba, yakan sauke yaron daga mota cikin sanyi ya sa shi gudu. Yakan tashe shi cikin dare don motsa jiki. Duka kuwa ya zama abincin kullum. Sai da yaron ya kai shekara 16 ya kira ƴan sanda, kotu ta hana uban kusantarsa. Abu biyu O'Sullivan ya nanata. Ya ce dukan bai ƙara masa komi a wasa ba, son da yake ma wasan ne ya kai shi. Ya kuma ce manya da yawa, uwaye da masu horarwa, sun ga alamu sun kau da kai, saboda yaron yana cin raga.

A watan Yuli na shekarar 2000, a garin Reading na jihar Massachusetts a Amurka, wasu uwaye maza biyu suka yi cacar baki bayan atisayen ɗiyansu, yara ƴan shekara goma da ɗoriya, kan cewa wasan ya yi zafi. Ɗaya ya doki ɗayan gaban yaran, wanda aka doka ya rasu a asibiti. A Janairu 2002 kotu ta yanke ma mai dukan ɗaurin shekara 6 zuwa 10. Gida biyu suka rushe a kan atisayen da babu ko kofi a cikinsa.

Akwai kuma haɗarin riƙo. A tsarin Kanada, yaron da ya yi fice yakan bar gida yana ɗan shekara 16, ya koma wani gari, ya zauna gidan baƙi, makomarsa duka tana hannun mai horar da shi. Sheldon Kennedy, wanda ya kai NHL, ya tona a 1996 cewa mai horar da shi ya yi shekaru yana lalata da shi tun yana matashi. Mutumin ya amsa laifinsa a Janairu 1997, aka ɗaure shi. Uwaye sun miƙa amana saboda an ce masu wannan ne mai buɗe ƙofa, suka daina tambaya. Daga baya Kennedy ya shiga cikin waɗanda suka kafa wani shiri na koyar da mutunta yara a wasanni, kuma ƙungiyoyi da dama na Kanada sun wajabta ma uwaye bin darasin kafin a rubuta sunan ɗansu. Haka kuma a 2013 hukumar hoki ta ƙasar ta hana ƴan shekara 11 da 12 bangazar juna da jiki, saboda yawan buguwar ƙwaƙwalwa. Ku duba: ƙasar da ta fi kowa sanin wasan, sai da ta kai ga mayar da uwaye lakwal.

Lissafi, da baƙin da suka koyi sanyi

Mu yi lissafin da kowane ɗan kasuwa zai yi kafin ya zuba jari. NHL tana da ƙungiyoyi 32, kowace ba ta wuce ƴan wasa 23 a lokaci guda, ke nan gurbi 736 ga duniya duka, da Kanada da Amurka da Rasha da Suwidin da Finlan da sauransu. A Kanada kaɗai waɗanda aka rubuta sunansu a wasan sun fi rabin miliyan. Yaron da ke matakin manyan gasannin yara yana cin ma uwayensa dubban daloli a shekara. Wanda ya kashe wannan dukiya da niyyar za ta dawo masa da riba, caca ya yi, kuma yaron ne zai ɗauki nauyin asarar a zuciyarsa. Wanda ya kashe ta don yaron ya samu lafiyar jiki, da horo, da abokai, da sanin faɗuwa da tashi, wannan ya riga ya karɓi abin da ya saya.

Misalin Karl Subban ya dace a nan. Ya zo garin Sudbury daga Jamaika yana yaro, a farkon shekarun 1970, bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, yaran unguwa masu jin faransanci suka ja shi cikin wasan. Ya zama malamin makaranta, har ya kai darakta a wata unguwar talakawa ta Toronto. Yakan taso daga aikin dare ya ɗauki ƙaramin ɗansa zuwa dandalin da ke gaban ma'aikatar magajin gari, inda ba a biyan ko dala. Ɗiyansa maza uku duka NHL ta zaɓe su: P.K. a 2007, Malcolm a 2012, Jordan a 2013, kuma P.K. ya zama gwarzon ƴan baya na gasar a 2013. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da P.K. ya yi da sunansa: a 2015 ya yi alkawarin tara ma asibitin yara na Montreal dala miliyan 10 na Kanada. Wannan ba bisa ƙanƙara ake koyonsa ba, a gida ne.

Kuma ba lalle sai uba mahaifi ba. Jarome Iginla, wanda aka haifa a Edmonton a 1977, mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Uwayensa sun rabu yana ƙarami, mahaifiyarsa da kakanninsa suka rene shi, kakansa ne ya riƙa kai shi wasa. Ya ci raga sau 625, ya ci zinariyar Olimfik a 2002 da 2010. Ɗan wasan NHL na farko da aka haifa a Najeriya kuwa, Rumun Ndur, a Zariya aka yanke masa cibiya a 1975, ya girma a garin Hearst na arewacin Ontariyo, ya buga ma Buffalo da New York da Atlanta. Ashe jinin sanyi ba gado ba ne; yaro yana zama abin da aka buɗe masa ƙofarsa.

Inda linzami yake

To, mi muka samu? Ni dai abu huɗu na tsinta.

Uba ya duba wanda ke ja. Idan yaro ne ke tashe ka, ka tashi. Idan kai ne kullum ke jan shi yana turjewa, ka tambayi kanka burin wa ake bi, nasa ko naka da ya mutu.

Uba ya ba da abin da yake da shi, kada ya ba da abin da ba nasa ba. Walter ya ba da barcinsa, da ruwan famfonsa, da basirarsa. Abincin sauran yara, da karatun yaron da kansa, amana ne, ba jari ba.

Uba ya san hannun da zai miƙa ɗansa. Wannan bai tsaya a Kanada ba. A ƙasashenmu na Afirka ta Yamma an sha ganin gidajen da suka sayar da gona ko dabbobi suka ba wani dillali da ya ce zai kai yaro ƙungiyar ƙwallo a Turai, daga baya a ji yaron yana gararamba a wani birni, ba takarda, ba kuɗin komowa, kunya ta hana shi kiran gida. Wanda ya ce zai ɗaukaka ɗanka, shi ya fi cancanta ka bincika.

Na ƙarshe, yaro ya tabbata cewa ranar da aka ci shi, tuwonsa na nan, fuskar ubansa ba ta sake ba. Wanda bai da wannan tabbaci, ko ya ci kofi, tsoro ne ya ci masa.

A watan Oktoba na 1991, kwanaki kaɗan bayan ya cika shekara 53, wata jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwar Walter Gretzky. Ya tsira da rai, amma ya rasa tunawa da shekaru masu yawa na rayuwarsa, ciki har da yawancin lokacin da ɗansa ke kan ganiyarsa. Mutumin da ya kwana yana ban ruwa cikin ɗari, sai da aka riƙa ba shi labarin kofunan da ɗansa ya ci. Bai zauna yana baƙin ciki ba. Ya yi sauran shekarunsa yana horar da ƙananan yara na Brantford, ɗiyan wasu, waɗanda babu mai tsammanin za su zama komi a wasan, yana kuma tara taimako don makafi da masu ciwon shanyewar jiki. Ya rasu ranar 4 ga Maris 2021, yana da shekara 82. Ranar da aka fito da gawarsa, mutanen garin nan da ya taɓa yi ma ɗansa ihu suka jeru bakin hanya, yara da manya, suna buga sandunansu a ƙasa, wadda ita ce gaisuwar girmamawa ta ƴan hoki.

Adadin 894 an wuce shi, kuma wanda ya wuce shi ma wata rana za a wuce shi. Mu da ke da yara a gida, ko ƙwallo suke so, ko kokowa, ko zane, ko lissafi, Allah ya ba mu idon ganin baiwarsu, da haƙurin raka su, da hankalin sanin inda namu ya ƙare. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.